Babbar Kotun Nijar da Kunnen Talaka: Nazari a kan Hukunci Uku

A unguwar Sabon Gari ta Maraɗi, inda rediyo ba ya rabuwa da teburin mai shayi ko rumfar tela, ba kasafai ake ambaton babbar kotun ƙasa ba sai lokacin zaɓe ko washegarin juyin mulki. In kuwa hira ta kai kanta, labari guda ne ke fitowa daga bakin manya: na shekarar 2009, sa'ad da alƙalai bakwai, mace na jagorantarsu, suka ce wa shugaban ƙasa Tanja Mamadu a'a. Mutanen Maraɗi sun san Tanja tun yana mulkin jihar, daga 1976 zuwa 1979, sun kuma san ba mutum ne da aka saba yi wa musu ba. Shi ya sa labarin ya zauna a zukata.

Labarin ya cancanci a riƙa tuna shi. Sai dai rana guda ba ta isa ta zama tarihin kotun da ta haura shekara sittin ba. Hukuncin kotu rubutu ne, kuma kowane rubutu yana karɓar awo irin wanda ake yi wa waƙa ko wasan kwaikwayo: wa ke magana, da wa yake yi, da wane harshe, me ya faɗa, me ya haɗiye. Wannan nazari ya ɗora hukunci uku a kan wannan ma'auni, na 1996 da na 2006 da na 2009, domin malamai da ƙungiyoyin al'adu su ga inda kotun ta yi rawar gani, da inda ta gaza, da kuma dalilin da ya sa maganarta ba ta cika isa kunnen mutanen da ake yanke hukunci da sunansu ba.

Kotu mai yawan suna

Kundin tsarin mulkin 8 ga Nuwamba 1960 ne ya tanadi Kotun Ƙoli, aka kafa ta da doka a 1961, zamanin Diori Hamani. An gina ta a kan tsarin Faransa, da ɓangarori daban-daban a ƙarƙashin rufi guda: na shari'ar jama'a, na ƙarar hukuma, na binciken kuɗin gwamnati, da na tsarin mulki. Da Seini Kunce ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, aka jingine tsarin mulki, aka maye gurbinta da Kotun Ƙasa, wadda ake kira Cour d'État da Faransanci. Sunan Kotun Ƙoli bai dawo ba sai a Jamhuriya ta Biyu, zamanin Ali Saibu.

Daga nan abin ya zama al'ada. Sunan Kotun Ƙasa ya sake fitowa bayan juyin mulkin 1999, da bayan na 2010, da bayan na 26 ga Yuli 2023. A tsakani, tsarin mulkin 1999 ya ware wa Kotun Tsarin Mulki gidanta na kanta, na 25 ga Nuwamba 2010 kuma ya raba tsohuwar Kotun Ƙoli zuwa manyan kotuna dabam-dabam. Ɗalibin da ya haddace sunan babbar kotu a ajin firamare yana iya tararwa an sauya shi kafin ya gama jami'a. A Tsibiri kuwa sarautar Sarkin Gobir tana nan tun ƙarni na 19, haka sarautar Sarkin Katsina a Maraɗi. Wanda aka ci wa iyakar gona ya san ƙofar da zai nufa ba tare da tambaya ba. Wannan bambanci na daɗewa yana cikin abubuwan da suka hana babbar kotu yin saiwa a zukatan jama'a, kuma laifin ba na alƙalai ba ne su kaɗai.

Hukuncin 1996: hatimi a kan abin da aka gama

A Jamhuriya ta Uku an ga alamar kotun za ta yi tasiri. Cikin 1995, lokacin zaman doya da manja tsakanin shugaba Mahaman Usman da firaminista Hama Amadu, gabanta aka riƙa kai gardamar iyakar ikon kowannensu. Ba ta iya sasanta su ba, kuma ran 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da su duka.

Zaɓen shugaban ƙasa na 7 da 8 ga Yuli 1996 shi ne jarrabawar farko mai tsanani. Tun ba a kammala aikin zaɓen ba aka rusa hukumar zaɓe mai zaman kanta, aka naɗa wata, aka tsare sauran ƴan takara huɗu a gidajensu, sabuwar hukumar ta ba Ba'are kashi 52 cikin ɗari tun a zagayen farko. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan sakamako.

Aibin hukuncin a nan yake: tambayar da ke bakin kowa ita ce ko ɗan takara yana da ikon sauya masu ƙidaya ana tsakiyar ƙidaya, hukuncin kuma bai hana hakan ɗorewa ba. Alƙalin da aka kawo wa ƙarar awon hatsi, aka shaida masa an sauya tiya ana cikin awo, in ya tsaya ga lissafin buhuna kawai, ya kauce wa shari'ar da aka kawo masa. Cikin waɗanda aka tsare a gida a wancan mako har da Tanja Mamadu da Mahamadu Isufu. Duka biyun sun ɗanɗani zafin kotun da ke bin mai ƙarfi, duka biyun kuma daga baya sun hau kujerar da ake bi.

A farkon Afrilun 1999 kotun ta soke sakamakon zaɓen ƙananan hukumomi a wurare da yawa, ta ce a sake, abin da ya fusata ƴan adawa da ke ganin su suka yi nasara. Kwanaki kaɗan bayan haka, ran 9 ga Afrilu, aka kashe Ba'are a filin jirgin saman Yamai. Tsarin mulkin da ya biyo baya ya yi wa masu juyin mulkin 1996 da na 1999 afuwa, ya kuma hana a taɓa ayar afuwar. Ta haka aka rufe wa kowace kotun ƙasar ƙofar binciken wannan jini.

Hukuncin 2006: shirun da ya fi magana nauyi

Hukunci na biyu bai shafi kujerar mulki ba, shi ya sa ba a cika tuna shi ba, alhali ya fi kusa da rayuwar karkara. Hadijatu Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita, a 1996, kan sefa dubu 240, ta zama wahaya a gidan wani mai hali a yankin Birnin Ƙonni: ba ta cikin matan aure huɗu, ba sadaki, ba ɗaurin aure, sai aikin gida da na gona da kwanan dole. Dokar 2003 ta mai da bauta babban laifi a Nijar. A 2005 mutumin ya ba ta takardar ƴanci, amma ya hana ta tafiya, yana cewa matarsa ce.

Kotun farko ta Ƙonni, a watan Maris 2006, ta yi magana a fili: ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura aure ba, ba a nemi yardarta ba, saboda haka babu aure. Kotun gaba da ita ta juya hukuncin da sunan al'ada. Da magana ta isa Yamai, ɓangaren shari'a na Kotun Ƙoli, ran 28 ga Disamba 2006, ya soke hukunci na biyu saboda kuskuren bin ƙa'ida, ya mayar da shari'ar a sake, bai ce uffan a kan bautar da ke rubuce cikin takardun da ke gabansa ba. Ana cikin wannan kai-da-kawowa Hadijatu ta auri wanda take so, aka yanke mata ɗaurin wata shida bisa zargin aure kan aure, har ta kwana a gidan kaso.

Masu kare kotun suna da hujja. Babbar kotu a tsarin Faransa ba ta sake sauraron shaidu, aikinta duba ko an bi doka. To amma haramcin bauta shi ma doka ne, kuma ya girmi kowace ƙa'idar rubuta hukunci. Kotun CEDEAO, da ta yanke hukunci ran 27 ga Oktoba 2008 bayan ƙungiyar Timidiriya da lauyoyi sun kai ƙara, ta ɗora wa Nijar laifi a kan wannan gaɓa: alƙalan ƙasa sun ga bauta a gabansu, ba su yi tir da ita ba, ba su sa a tuhumi kowa ba. Ta umarci a biya Hadijatu sefa miliyan 10. Sai a farkon 2019 babbar kotun ƙasar ta furta da bakinta cewa al'adar wahaya ba aure ba ce, haramtacciya ce. Kalmar da za a iya faɗa a 2006 ta ɗauki fiye da shekara goma sha biyu kafin ta fito.

Hausawa na cewa shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Ga mace irin Hadijatu, tsawon naƙudar ma wani hukunci ne.

Hukuncin 2009: rantsuwa ta kama mai ita

Kalmar tazarce daga Nijeriya ta ƙetaro, inda aka yi yayinta a 1998, zamanin Sani Abaca. A Nijar ta fara amo a ƙarshen 2008, daga Damagaram zuwa Yamai, da hujjar a bar Tanja ya ƙarasa manyan ayyukan da ya ɗauko: madatsar ruwan Kandaji, matatar man Damagaram, gada ta biyu a Yamai. Tsarin mulkin 1999 kuwa ya rufe ƙofar da kwaɗo biyu. Aya ta 36 ta ce wa'adi biyu ne na shekara biyar-biyar, aya ta 136 ta ce ba a gyara aya ta 36. Masu ba shugaban shawara suka nemo taga a aya ta 49, wadda ta ba shi damar kiran zaɓen raba-gardama. Dabararsu ita ce, tun da an hana gyara, sai a sauya kundin gaba ɗaya.

Ran 25 ga Mayu 2009 Kotun Tsarin Mulki, ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazeye, ta ba da ra'ayinta bisa buƙatar wasu ƴan majalisa. Ta ce aya ta 49 ba ta ba shugaba ikon sauya tsarin mulki ba, kuma ba zai iya ɗaukar wannan hanya ba tare da karya rantsuwarsa ba. Washegari Tanja ya rusa majalisar dokoki. Ran 12 ga Yuni kotun ta soke dokar da ta kira jama'a zaɓen 4 ga Agusta. Aka nemi ta janye, ta ƙi, domin aya ta 115 ta ce hukuncinta ba shi da ɗaukaka ƙara, kuma ya hau kan kowace hukuma, ta farar hula da ta soja. Ran 29 ga Yuni aka rusa ta.

Abu biyu suka ba wannan hukunci ƙarfi. Na farko, yadda aka gina kotun. Cikin mambobi bakwai, mutum guda kawai shugaban ƙasa ke gabatarwa, guda daga shugabannin majalisa, sauran biyar kuwa takwarorinsu ke zaɓensu: alƙalai biyu, lauya guda, malamin jami'a guda, da wakilin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam. Wa'adinsu shekara shida ne ba sabuntawa, ba a kuma tsige su. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Waɗannan alƙalai akasarinsu ba su ci ladan kowa ba, ba su kuma jiran a sake naɗa su.

Na biyu, inda hukuncin ya kafa ƙafarsa. Gardamar aya ta 49 ta masana ce, amma kotun ba ta tsaya nan ba, ta koma ga rantsuwa. Shugaban ƙasa ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani a gaban jama'a ya yi alkawarin kiyaye wannan kundi. Babu dattijon Tsibiri ko ɗan kasuwar Maraɗi da ke buƙatar tafinta kafin ya gane nauyin wannan magana, a ƙasar da rantsuwa da Alƙur'ani ke kashe gardamar gona da ta bashi. A wannan gaɓa dokar da aka rubuta da Faransanci ta haɗu da abin da Bahaushe ya riga ya yarda da shi. Cikin hukuncin uku, wannan ne kaɗai ya amsa tambayar da aka yi masa, ya kuma amsa ta da hujjar da mai ƙara da mai kallo duk za su iya aunawa.

Duk da haka bai tsayar da komai ba a lokacin. Jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago da lauyoyi sun yi zanga-zanga da yajin aiki, amma an naɗa sabuwar kotu, an yi zaɓen ran 4 ga Agusta, aka ba da sanarwar kashi 92 cikin ɗari sun amince, sabuwar kotun ta buga hatimi. Abin da ya kawo ƙarshen tazarce shi ne juyin mulkin Salu Jibo na 18 ga Fabrairu 2010. Sojojin sun dawo da Fatimata Bazeye ta shugabanci majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya, wanda karramawa ce. Sai dai darasin da matasa suka ɗauka mai ɗaci ne, wato hukuncin kotu ba ya aiki sai bindiga ta sa hannu. A Senegal, cikin Fabrairun 2024, majalisar tsarin mulki ta soke ɗage zaɓen da shugaba Macky Sall ya yi, ya kuwa bi, aka yi zaɓe a watan Maris. Alƙalan Yamai na 2009 ba su gaza na Dakar a hujja ko ƙarfin zuciya ba. Abin da suka rasa shi ne shugaban da ke ganin ƙin bin kotu zai fi bin ta tsada.

Daga Jiratawa zuwa Yamai

Me ya sa ƙin bin kotu ya yi araha haka? Amsar tana da rassa, amma reshen da ya shafi malamai shi ne harshe. Masu neman ƙarin wa'adi suna da kalma guda ta Hausa, gajera, mai daɗin faɗa, wadda ta shiga waƙa da kirari da hirar kasuwa. Kotun kuwa tana da shafuka na Faransancin lauyoyi, jimla bayan jimla kowace na farawa da “la'akari da cewa”. Abin da ya iso rumfar Sabon Gari ta rediyo taƙaitawa ce: kotu ta hana. Dalilin hanin, wanda shi ne gishirin hukuncin, ya tsaya a Yamai. Mutum yana fitowa kare abin da ya fahimta ne, kuma wanda bai ji hujja ba yana iya ɗaukar shari'ar a matsayin rigimar manya da ba ruwansa.

Wannan giɓi bai tsaya ga siyasa ba. A ɗauki rigimar gona a fadamar Jiratawa, inda ruwan noman rani ya sa kowane taƙi na ƙasa ya yi daraja. Tun dokar 16 ga Maris 1962, shari'ar aure da saki da gado da gonar da ba ta da takardar mallaka ana yin ta ne bisa al'adar masu ƙara. Magana takan fara gaban mai gari ko sarki, waɗanda doka ta ba ikon sulhu. In sulhu ya ƙi, a je gaban alƙali, wanda ke zama tare da masana al'ada masu ba shi shawara. Har zuwa nan da Hausa ake magana, ko da tafinta. Amma abin da ke shiga takarda Faransanci ne, kuma takardar ce kaɗai ke tafiya Yamai, fiye da kilomita 600 daga gonar. Kalmomin aro da jingina da haya da kyauta, waɗanda kowannensu ke da hukuncinsa a al'ada, sukan isa can cikin rigar wani harshe. A ƙarshe hukunci ya dawo, manomi ya kai wa ɗan makaranta ya karanta masa, ɗan makarantar ma ya kasa warware shi.

A nan ne babbar kotu ta fi taɓa rayuwar talaka, domin ita ke da kalmar ƙarshe a kan abin da za a kira al'ada da abin da za a ƙi. Shari'ar Hadijatu ta nuna haɗarin: kotuna biyu a gari guda, kowace ta ce da al'ada ta yi hukunci, suka fitar da kishiyoyin juna. Al'ummar da ake hukunci da al'adarta tana da haƙƙin ta ji yadda aka fassara ta, ta yarda ko ta yi musu.

Ana iya cewa alƙali ba mai shela ba ne, kuma fassara ba ta tare tankar yaƙi. Gaskiya ne. Amma kundin 1999 da na 2010 duk sun ɗora wa gwamnati nauyin fassara tsarin mulki cikin harsunan ƙasa da yaɗa shi da koyar da shi. Ƙasar da ta fara makarantun gwaji na harshen gida tun 1973 ba ta rasa masu iya wannan aiki ba. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci cikin harsunan aiki. Za a gane gaskiyar wannan matsayi ranar da hukuncin babbar kotu ya fito da Hausa, da hujjojinsa cikakku, ranar da aka yanke shi.

Buƙatar ba ta tsufa ba. A watan Nuwamba 2020 Kotun Tsarin Mulki ta hana Hama Amadu takara, a watan Maris 2021 ta tabbatar da nasarar Bazum Mohamed a kan Mahaman Usman. Ran 14 ga Yuni 2024 Kotun Ƙasa, wadda mahukuntan soja suka kafa, ta cire wa Bazum rigar kariya, lauyoyinsa suna kukan an hana su ganinsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya raba kan jama'a, kuma akasarin masu yabo da masu zagi ba su karanta layi guda na hujjar ba. Kowa ya bi ɓangarensa ne.

Kammalawa

Tarihin babbar kotun Nijar bai zama na jarumtaka zalla ba, bai kuma zama na miƙa wuya zalla ba. A 1996 ta tabbatar da abin da ya kamata ta bincika. A 2006 ta fake da ƙa'ida ta bar yarinyar da aka saya tana jira. A 2009 ta faɗi gaskiya, aka rusa ta. Wanda ya koyar da na ƙarshen kaɗai ya koyar da kirari, ɗalibi kuwa yana buƙatar ukun domin ya iya bambanta alƙalin da ya amsa tambaya da wanda ya kewaye ta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin da ke gaban malamai da ƙungiyoyin al'adu na Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa ba ya jiran izini daga Yamai. Ra'ayin 25 ga Mayu da hukuncin 12 ga Yuni 2009 gajeru ne, malamin Faransanci da na Hausa da lauya guda za su iya mayar da su Hausa cikin ƴan makonni, a karanta su a aji, a yi gardama a kansu. Shari'ar Hadijatu, daga kotun Ƙonni zuwa ta CEDEAO, tana da duk abin da wasan kwaikwayo ke nema, kuma ƴan wasan gidajen matasa sun saba ɗora alƙali da mai ƙara a dandali. Ana kuma buƙatar ƙaramin ƙamus na kalmomin shari'a, wanda zai tsayar da sunan kowace kotu da kowane mataki na ƙara, domin ɗan jarida da tafinta da malami su daina kiran abu guda da suna uku. Ranar da wata kotu za ta sake cewa a'a, ko ta sake yin shiru inda ya kamata ta yi magana, ya dace a sami mutane a rumfunan Sabon Gari da za su nemi a karanto musu hujjar tukuna.